Inda nake cin tsire a Jidda, da abin da ke hana ni zuwa kullum

Shekara guda da wata bakwai na yi ina cigiyar mai tsiren nan. Da can a unguwar Sabil yake, cikin wani lungu da mota ba ta shiga, hayaƙinsa ne ke yi wa mutum jagora tun daga bakin titi. Da aka fara rusau a Jidda, daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022, Sabil ta tafi, Kandara ta tafi, Hindawiyya da Gulail da Karantina duk suka bi sahu. Wani aiki ya kai ni Yanbu na yi wata biyu, ina dawowa na nufi lungun da yunwata, na tarar da fili fetal, sai tarin ƙasa da katafila. Na yi ta tambaya. Wannan ya ce ya koma Makka, wancan ya ce an kai shi Shumaisi, inda ake tsare baƙin da za a mayar ƙasarsu, an sa shi a jirgi, wani ma har ya yi masa addu'ar mamaci. Duk shaci-faɗi ne. Abokin zamana, wani Bahaushen Sudan da muke haya ɗaki ɗaya, shi ne ya shigo wani dare da ƙunshin takarda mai maiƙo, ya dire a gabana bai ce uffan ba. Ina warwarewa ƙamshin ya doke ni, na kira shi yadda 'yan Sudan ke kiran juna, na ce, "Zol, a ina ka tono Baba?"

Yanzu shagon yana kudancin gari, ba nisa da tsohuwar hanyar Makka, tsakanin wani mai facin taya da wata 'yar bakala, wato ƙaramin kantin kayan masarufi. Sunansa ba zan faɗa ba, domin Baba ba ya son a sa shi a waya, ya ce mai rabo zai zo da ƙafarsa. Duk Bahaushen da ya kwana biyu a wannan ɓangaren ya san inda nake nufi. Ni kuwa mai gyaran esi da firji ne, mutumin Gumel, shekarata 9 a ƙasar nan. Na tashi a gindin tukubar kawuna a bakin tasha, ni ke fere masa tsinke in na taso daga makarantar allo, saboda haka in na yi maganar tsire a ɗan saurare ni.

A allon shagon da Larabci aka rubuta "sairiya". Haka mutanen Hijaz ke kiran tsire, in ka kasa kunne kalmarmu ce harshen Larabawa ya lanƙwasa. Abokin zamana agashe yake cewa, don haka ake kiransa a Sudan daga Umdurman har Bur Sudan, kuma ko yaro ya san daga gashi ta fito. Mun sha musu ni da shi a kan wane ne na asali, har Baba ya gaji da mu wata rana ya ce, "Ku rufe mana baki. Naman hanya ne, duk inda ayari ya yada zango nan ya bar masa suna."

Naman sa yake amfani da shi, cinya zalla, ba ya karɓar daskararren nan na kwali. Yana yanka shi fale-fale har ka hango inuwar wuƙar ta bayansa, ya soke a tsinke, ya birkiɗa cikin garin ƙuli, ya yayyafa man gyaɗa, sannan ya jera. In ya sha wuta rabi sai ya cire, ya sake birkiɗawa, ya mayar. Wannan birkiɗa ta biyu ita ce masu gaggawa ke tsallakewa, kuma ita ke sa ƙulin ya kama jikin naman ya yi ɓawon nan mai ƙaras-ƙaras maimakon ya zube a takarda. Ƙulin ma ba saye yake ba. Gyaɗar Sudan yake sayowa buhu guda, wadda a nan sunanta ke nan ma, ful sudani, matarsa ta soya ta niƙa ta matse, man da ya fita shi ke komawa kan naman. Yajin kuwa citta ne da masoro da kimba da kanumfari kaɗan, sai barkono da gishiri. Babu magi ko ƙwaya. Ranar da na fara ci, can a Sabil, na ɗauka ya manta wani abu, don harshena ya saba da tsiren bakin titi na yanzu da ake antaya wa magi kamar ba a san ciwon kuɗi ba. Sai a tsinke na uku na gane inda na san wannan ɗanɗanon: na kawuna ne, lokacin ina ɗan shekara bakwai. Mutumin da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba shi ya riƙe abin da mu muka saki.

Abu ɗaya da ya rage masa daraja ba laifinsa ba ne. A Sabil tukuba gare shi ta yumɓu, yana kafa tsinken kewaye da wuta, zafi ya gasa naman a hankali ba tare da harshen wuta ya lashe shi ba. A sabon shago sai murhun ƙarfe da bututun jan hayaƙi, yadda baladiyya, wato hukumar gari, ke so, naman a kwance kan garwashi. Kitse ya ɗiga, wuta ta tashi, wani gefen ya ɗan babbake. Baba na sane, yana ta juyawa yana tsaki.

Akwai na hashi, wato naman ɗan raƙumi, shi 'yan ƙasa suka fi nema. Yana sa yankan tozo tsakani don kada ya bushe. A tsaye nake ba da shawarar a ci shi, nan gaban wutar. In ka kai shi gida ya huce, ka sayi igiya. Hanta da ƙoda sai wanda ya zo da wuri, kafin isha sun ƙare. Na kaza kuwa kada ka ɓata kuɗinka, don masu tambaya kawai yake yi, kuma hannunsa ba ya ciki. In ka ce a yi maka irin na Sudan, za a haɗo da burodi da albasa da lemon tsami da abin da suke kira dakwa, wato tunkuza mai laushi da aka dama da barkono, ba dakuwarmu ta aya ba. Na yi gardama da wannan haɗin shekara biyu kafin na sallama, yanzu ba na ci sai da shi.

Farashi: tsinke riyal 4, ƙunshin da zai ƙosar da mutum ɗaya riyal 30, na hashi 40. A Sabil tsinken riyal 2 ne lokacin da na zo. Kafin ka ce ya yi tsada ka tuna harajin saye da ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin 100 a tsakiyar 2020, ka kuma tambayi duk mai haya a Jidda abin da rusau ya yi wa kuɗin ɗaki. Mutanen unguwanni da dama ne suka fito lokaci guda suna neman inda za su sa kai, masu gidaje kuwa suka ga banza ta faɗi.

Ranar Alhamis da dare, da yake gobe hutu, layin yakan kai har ƙofar mai facin. Ni da jira ba mu shiri, amma na koyi kallon mutane a wurin. Yaron da ke yanka albasa ɗan Bangaladash ne. Mai karɓar kuɗi Bayamale. Masu babur da ke zuwa ɗaukar odar manhaja yawanci 'yan Pakistan ne, kowa da akwatinsa a baya. Akwai wani Bamisire mai kantin magani da kullum sai ya ce a rage yaji, kullum kuma sai ya yi hawaye. Lokacin da aka fitar da sakamakon ƙidayar 2022 na karanta a waya ina tsaye a wannan layin, sai na ga kamar daga nan suka ɗauki lissafin. Mutum miliyan 32.2 ne a ƙasar, miliyan 18.8 'yan ƙasa, miliyan 13.4 baƙi. Cikin kowane mutum 10 da ka gani, 4 da ɗoriya ba 'yan nan ba ne. 'Yan Bangaladash ne kan gaba, sun haura miliyan 2, sai Indiya da Pakistan da Yaman, kowacce miliyan 1.8 da 'yan kai, Masar ta kusa miliyan ɗaya da rabi, Sudan ta wuce dubu 800. Mu 'yan Najeriya, duk da ƙarar muryarmu a Harami, ko cikin goman farko ba mu shiga ba.

Kuma layin na maza ne kusan zalla. Ƙidayar ma haka ta nuna, cikin mutum 100 a ƙasar nan 61 maza ne, don yawancin baƙin aiki ya kawo su, iyali na gida. Tun watan Yuli na 2017 aka sa wa baƙo kuɗin wata a kan kowane mutum da yake riƙe da shi, aka fara da riyal 100, ana ƙara 100 duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Ni mata ɗaya da 'ya'ya uku gare ni a Gumel. Ko da sana'ar da ke rubuce a igamata, wato katin izinin zamana, ta ba ni damar kawo su, riyal 1,600 ke nan duk wata kafin a ci a sha, kafin haya da makaranta. Na san mutane da yawa da suka haɗa wa iyalinsu kaya a shekarun nan suka kai su filin jirgi. Shi ya sa wurare irin na Baba ba sa rabuwa da jama'a: gwaurayen dole ne muke, mun gaji da indomi da tamis da ful.

Sai kuma samarin ƙasa, waɗanda ba sa fitowa daga mota, ham kawai suke dannawa. Ƙasar ta yara ce, kusan kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa ba su kai shekara 30 ba, kuma sairiya ta shiga ransu tun da aka fara ɗaukar ta a bidiyo. A cikinsu za ka ga baƙi wuluk kamata, da farar riga da jan rawani, sunan gidansu Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Waɗannan 'yan ƙasa ne cikakku, jikokin alhazan da suka zo tuntuni. Daga cikinsu Usama Hausawi ya fito, wanda ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018, daga cikinsu kuma marigayi Shehu Umar Fallata ya fito, wanda ya daɗe yana karantar da hadisi a Masallacin Annabi. Yawancin matasansu Hausar ta tsaya a "sannu" da "kaka" da sunayen abinci. Wani ya taɓa ji na ina waya da gida, ya matso ya ce kakarsa haka take magana in ranta ya ɓaci. Ba mu kaɗai ba ne a wannan, Hijaz duk haka take. Kowace al'umma da aikin Hajji ya kawo ta bar suna ta bar tukunya: Buhari da shinkafarsu da mantu, Jawi, Hindi, Hadarami. Namu kason shi ne tsinken nan.

Baba da kansa ba ya cikin waɗannan 'yan ƙasar, kuma nan ne labarin ya fi tsaya mini a rai. Ya ba ni shi ne gutsure-gutsure, cikin dare da yawa, lokacin da layi ya yanke yana kankare murhu. Kakansa mutumin ƙasar Hadeja ne, ya fito yana saurayi bayan Turawa sun ci ƙasar. Lokacin hijira gabas ta zama ruwan dare, tun bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har bakin Kogin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Kakan ya bi hanyar da kowa ke bi, Borno, Far Lami, Abeshe, Janaina, Fashir, Ubayyid, a ƙafa da jaki, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙodago shekara ɗaya ko biyu. Baba har yau Far Lami yake cewa, bai san Injamena ba, Legas kuma Ikko. Da Turawan Ingila suka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aiki ya samu, kakan ya zauna ya yi aure, aka haifi mahaifin Baba da ƙanensa a wajen garin Wad Madani. Su ne suka ƙarasa tafiyar da tsohonsu ya fara, suka tsallako daga Sawakin a jirgin katako. Tafiyar da nake yi yanzu cikin awa biyar daga Kano, gidansu sai da ta ci musu zuriya biyu.

A Jidda aka haifi Baba. To amma a ƙasar nan haihuwa ba ta ba mutum ƙasa, ta uba ake bi. A faɗarsa, lokacin da samun takardar zama ɗan ƙasa ke da sauƙi, baffansa ya je ya yi, mahaifinsa kuwa ya ƙi, ya ce shi baƙo ne, Hajjin baɗi kawai zai yi ya koma Hadeja, garin da shi ma bai taɓa gani ba. Baɗin ba ta zo ba har aka binne shi a nan. Yau jikokin baffan 'yan ƙasa ne, da sunan ɗayansu shagon yake, Baba kuwa a takarda ma'aikacinsa ne. Fasfon Najeriya gare shi da aka yi masa a ƙaramin ofishin jakadanci na Jidda, igama yake sabuntawa kamar yadda nake sabuntawa, yana fargabar ranar ƙarewarta kamar yadda nake yi. Irinsu ake kira mawalid. A lissafin miliyan 13.4 ɗin can, ni da na sauka jiya da shi da ya haura shekara 65 bai taɓa kwana a wata ƙasa ba, layi ɗaya muke. Na taɓa ce masa ai Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ya ce, "To mu raɓar da rana ta manta da ita ce, ɗana. Miƙo mini wancan tiren."

Hausarsa ma abin saurare ce, tsohuwa ce tsaf, an yi mata ado da "yalla" da "halas". Kuɗi har yanzu sule da kwabo yake kira in yana ba'a. Ran nan ya tambaye ni wane ne sarki a Kano yanzu, na ce Baba wannan tambayar a bar ta sai an ci an ƙoshi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda a gida ake tattara kowa a kira shi Takari, a faɗe ta da yatsina. Kalmar tsohuwa ce, daga Takruri, sunan da Larabawa ke kiran mutanen Afirka ta Yamma da shi tun zamanin daular Takrur ta bakin Kogin Sanagal. Yanzu ta koma nufin wanda ya zo Umra ya maƙale, yana wasan ɓuya da jawazat, wato jami'an shige da fice. Akwai su, ba na musu, an kwashe da yawa a kamen 2013 da na 2017, wasu sun dawo ta wata hanya. Amma a gaban murhun nan kaɗai ina iya nuna maka Bahaushe iri huɗu: ɗan ƙasa mai mota, haifaffen nan marar ƙasa, ɗan kwangila irina, da na Sudan. In ka ƙara da wanda ke leƙowa daga bayan bakala ya aiko yaro ya karɓo masa, biyar ke nan. Harshe ɗaya, yaji ɗaya, amma abin da ke aljihun kowa na takarda shi ke yanke masa inda zai yi aiki, da asibitin da zai je, da ko 'ya'yansa za su kwana tare da shi.

Na Sudan ɗin ma yanzu sun ƙaru. Abokin zamana asalinsu Mai Wurno, amma a Madani gidansu yake. Yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilun 2023, mutanen babban birni suka gudo Madani, gidansu ya cika da baƙi. A watan Disamba 'yan Da'am, wato dakarun RSF, suka shiga Madanin, masu saukar baƙi su ma suka zama 'yan gudun hijira. Mutum sama da miliyan 10 yaƙin nan ya raba da gidajensu. Na ga yadda zol ya rame a watannin, waya a kunne har asuba, layi ba ya shiga. Mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu suka bi ta Sinnar zuwa Gadarif, daga can Bur Sudan, daga baya ya samo wa tsohuwar bizar ziyara ta hau jirgin ruwa daga Sawakin. Mashigar da mahaifin Baba ya bi, ita ce dai.

Da ta huta kwana biyu a gidan wata 'yar ƙanwarta, muka ɗauko ta muka kawo ta cin agashe. Nan na ga babban aibin wurin da idona. Tun ƙarshen 2019 aka daina tilasta wa gidajen abinci raba ƙofar maza da ta iyali, amma shagon Baba ko wurin zaman kirki ba shi da shi, benci biyu ne da tebur ɗaya mai rawa, duk maza sun cika. Mace ba ta da inda za ta raɓa. Baba da ya hango tsohuwa sai ya bar wuta, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya ɗauko kujerarsa ta roba ya goge da hannun riga ya kai mata gefen bango.

"Hajiya, sannu da hanya. Ya muka ji da wannan jarrabawa?"

"Alhaji, sai godiya. Mun baro gida da kayan jikinmu, amma mun fito da rai."

Suka shiga lissafin unguwannin Madani da ƙauyukan Jazira, shi yana faɗin sunayen da ya ji a bakin mahaifinsa, ita tana gaya masa wanda ke nan da wanda aka watse. Nama ya ƙone tsinke shida a wannan hirar, masu ham suna ta ham. Da ta ci, na ce, "Inna, ya kika ji?" Ta ce naman ya yi, hannun na gida ne, sai dai barkonon na matsorata ne, an rage shi don Larabawa. Gaskiya ta faɗa. In kana son na ainihi ka ce a ba ka daga ƙaramin kwanon da ke ƙarƙashin tebur, ba ya fito da shi sai an tambaya.

Furar kuwa kurɓa ɗaya ta yi ta ajiye, ta ce, "Ɗana, wannan ai zagi ne." Ina bayanta. Da madarar laban ta kwali ake damawa a injin markaɗe, a cika sukari da ƙanƙara, geron sai ka yi bincike kafin ka same shi. Riyal 8 a banza. Wainar ranar Juma'a ma haka, da shinkafar basmati ake yi, ba ta tashi, tsakiyarta kamar danƙo. Kilishin ba nan ake yi ba, matafiya ke kawowa daga gida, wani lokaci sabo, wani lokaci ya kwana biyu a jaka har man ya fara wari, kuma riyal 25 ake sayar da ɗan fallen da bai fi tafin hannu ba. Zoɓon ne kawai zan yaba a abin sha, da citta sosai, sukari daidai.

Sauran abin da ke hana ni zuwa kullum: jira. Minti 40 ba komai ba ne a daren Alhamis. Layin ma na ido ne kawai, don in wani tsohon maƙwabcinsa na Sabil ya zo, ko limamin masallacin bayansu, to naka tsinken ya zama nasu, kana kallo. Tun da aka sa shagon a manhajar kai abinci abin ya ƙara lalacewa, oda goma ta faɗo lokaci guda, mu da muka zo da ƙafarmu mu koma 'yan kallo. Sau ɗaya na je wajen ɗaya na dare aka ba ni wanda aka gasa tun magariba aka ɗumama, na gane daga taurin, na mayar. Bayamalen ya so ya yi gardama, Baba ya karɓa ya ɗanɗana ya canja mini bai ce komai ba, sai dai ban ga ya yi wa kowa faɗa ba. Wurin ajiye mota babu, hayaƙi kuma zai bi rigarka har gida, kada ka je da kayan Juma'a. Injin katin nan da suke kira shabaka rabin lokaci a mace yake, ka riƙe tsabar kuɗi. Ana buɗewa bayan la'asar, kuma duk da yanzu shaguna da yawa ba sa rufewa lokacin salla, shi yana ja wa murhu marfi ya tafi masallaci, ko gwamna ne a layi. Lokacin da ya fi shi ne tsakanin magariba da isha, ranar Litinin ko Talata.

A 'yan watannin nan hannun Baba ya fara rawa, wuƙar ba ta zama yadda yake so. 'Ya'yansa maza biyu babu mai sha'awar wuta, ɗaya yana aikin sito a tashar jiragen ruwa, ɗayan yana ta neman hanyar fita Turai. Yaron nan ɗan Bangaladash, wanda ya fara da yankan albasa shekara uku da suka wuce, shi ke yanka naman yanzu in Baba ya gaji, shi ke birkiɗa ta biyu. Makon jiya na sa aka ba ni uku na yaron da uku na Baba a takarda daban, na kai wa Inna ban gaya mata komai ba. Ta ci, ta nuna na yaron ta ce wannan ya fi laushi. Ban kai wa Baba wannan labarin ba.

Da na koma biya yaron ne a kan kuɗi, Bayamalen ya fita. Na miƙa masa kati, ya girgiza kai, ya ce mini da Hausa, da irin lafazin Baba sak, "Alhaji, shabaka ba ta aiki. Talatin da takwas ne, kawo arba'in in ba ka canji."